Alhaji ya sake ƙaro wa Zainabu aiki

Laraba da dare, unguwar Arras, Abidjan

'Yata Zainabu ko taɓa tuwonta ba ta yi ba, tana can gaban odinata, wato kwamfutarta. Jumma'a za ta miƙa apli ɗin waya da take haɗa wa Alhaji Sani na bin sawun kayan magazan ɗinsa, babban shagonsa a Adjamé. In ta makara, patron ɗinta na wurin aiki zai ƙwace aikin ya ba wani.

Shi kuwa Alhaji ba ya kiranta, ni yake kira, wai shi ba ya magana da yara. Yau ma ya ce, "Hajiya, ta sa Julanci a ciki, kuma ya riƙa tuna wa direbobi lokacin salla." Na ce to. Aminin marigayi maigidana ne fa.

Da na gaya mata, ta ce, "Mama, ko ya karɓi abin da muka shirya ran Jumma'a, ko ya jira wata guda a sa komai."

Gaskiyarta ce. Ni mai ɗinki na sha ganin mai son ƙarin kwalliya jajibirin Sallah, ƙarshe ta kwana ba riga.

Gobe zan hau gbaka, motar haya, in same shi da kaina in gaya masa maganar Zainabu. Tun zuwana Abidjan ban taɓa musa masa ba. Ina ta gwada maganar a kan filo, har yanzu muryata ba ta fita sosai.