Jirgin Yaya Maikuɗi da Harshen Tsatsa

Asabar, 16 ga Yuli, 2016

Harshen kwamfuta na C++ na zaɓa, magana ta ƙare. Da shi na fara a kwalejin foli, da shi zan gina injin wasana na kwamfuta. Malam Patrick, mai koyar da fiziks a makarantarmu, ya tsare ni a ofishin malamai wai in gwada wani sabon harshe, Rust. Tsatsa ke nan da Hausa. Na ce masa abin da tun a suna ya ci tsatsa, ni Muhsina mi zan yi da shi? Ya yi dariya har da buga tebur. Shi ya sani.

Laraba, 20 ga Yuli

Ruwa ya motsa a allo! Ba injin kowa na ara ba, layi-layi na rubuta abina. Wasan ba wani dogon abu ba ne: mutum guda cikin kwalekwale, da buhunan shinkafa, zai ƙetare gulbi daga fadama zuwa gaɓar Gummi. Na sa masa jar hula irin ta Yaya Maikuɗi. To, shi ne ma, wa nake ɓoye wa? Daminar bara gulbin ya tafi da shi, da jirgin da shinkafar. A nawa gulbin sai ya isa gaɓa, kuma Inna za ta gani da idonta kafin Babbar Sallah.

Litinin, 1 ga Agusta

Ya mutu sau biyu yau. Wasan nake nufi.

Asabar, 6 ga Agusta

Abin haushi, ba kullum yake yi ba. Wani lokaci ya ƙetare lafiya lau, wani lokaci yana tsakiyar ruwa sai komai ya daskare, allo ya rufe. Na yi kuskuren faɗa wa Patrick. Nan take ya gyara zama ya fara wa'azi: wai a Rust kowane abu yana da mai shi, in wani ya are shi, ba ka isa ka yar da shi ba sai an maido. Harshen ma ba zai yarda ya haɗa maka wasan ba, sai dai ya cika maka allo da jan rubutu.

Na ce ni ba na son harshen da zai riƙa yi mini faɗa kamar hedimasta. C++ yana ba ka wuƙa ya ɗauke ka babba. Ya ce, "Malama, ai babban ma yakan yanke yatsa." Na tattara littattafaina na tafi aji.

Lahadi, 14 ga Agusta

Ba Nepa tun jiya. Na bi rubutun a takarda da jan biro kamar mai duba jarrabawa. Ban ga komai ba. Amma ba zan koma ɗaliba a hannun Patrick ba, wallahi, ni da ke koyar da kwamfuta.

Juma'a, 26 ga Agusta

Ba yau na shirya nuna wa Inna ba. Bayan la'asar ina zaune a tabarma ina gwaji, Inna ta zo wucewa da faifai, ta tsaya a bayana. Jar hular ta gani.

"Wanga Maikuɗi na?"

Na ce shi ne. Ta aje faifan ta zauna, ita da ke kiran kwamfutar akwatin ɓata lokaci. Na riƙa tuƙawa. Ya wuce ciyayin bakin fadama, ya wuce wurin dorina. Inna har tana karkata jiki tana ce masa ya yi dama.

A tsakiyar ruwa ya tsaya. Allo ya yi baƙi.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Har nan ma bai hita ba?"

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Ban ci tuwo ba. Na ji kunya, na ji haushi, kuma ba Patrick nake jin haushi ba.

Asabar, 27 ga Agusta

Na gano kuskuren. Gulbin kashi biyu na raba don kada kwamfutar ta yi nauyi. In an shiga kashi na biyu, injin sai ya share duk kayan kashi na farko, ciyawa, dorina, komai. Ashe har da jirgin, don can aka ƙirƙire shi. Shi kuwa Yaya yana nan riƙe da adireshin jirgin da babu shi. In wurin da jirgin ya bari a ƙwaƙwalwar kwamfutar bai cika da wani abu ba ya tsira, in ya cika shi ke nan. C++ bai ce mini uffan ba. Na ce share, ya share.

Zan iya gyara wannan, na ma gyara. Abin da ya hana ni sukuni, irinsa nawa ne kwance a ciki ban sani ba? Ba zan sake zaunar da Inna gaban baƙin allo ba.

Duk da haka ban sauya harshe ba. A rubuta.

Asabar, 3 ga Satumba

Na sauke Tsatsa, don in samu abin ƙaryata Patrick kawai. Bai sani ba, kuma ba zai sani ba. Harshen ɗan rainin wayo ne, tun safe muke rigima, ko kwalekwale mai kyau ban zana ba, ɗan akwati ne da ɗigon ja a kai.

Da gangan na sake rubuta kuskuren nan, in ga ƙaryar ƙarfinsa. Na sa Yaya cikin jirgi, na ce a share jirgin.

Ya ƙi. Jan rubutu, da ɗan layi ƙarƙashin sunan Maikuɗi: ba za a taɓa jirgin ba, akwai mai riƙe da shi.

Sai da aka kira azahar na tashi. Ban goge jan rubutun ba tukuna. Inna ta leƙo ta tambaya ko ya isa, na ce yana hanya.