Layin Da Ban Karanta Miki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, ke da Baba. Mu nan Tudun Wada lafiya lau muke, sai ciwon gwiwa irin na tsufa. Na girme ki yanzu, Inna. Na wuce shekarun da kika bar duniya da su, har gemuna ya fi na Baba fari.

Makon jiya takwararki, ɗiyar ɗana Sani, ta samu shiga jami'a. Ta kawo mini takardar neman tallafin karatu in sa hannu, da yake idona ya yi rauni sai ta zauna ta karanta mini ita layi-layi, har wurin da ake tambayar ko mai riƙon ɗalibi yana da hali ko ba shi da shi. Ba ta tsallake komai ba. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba, don akwai laifin da kika tafi da shi kabari a kanki, alhali nawa ne. Shi ya sa na zauna rubuta miki wannan, kuma a gaban jama'a.

Kin tuna shekarar da na gama kwaleji, zamanin Turawa, aka ce na ci jarrabawar shiga jami'ar nan da aka buɗe a Kudu? A duk unguwarmu ba wanda ya taɓa zuwa. Mata suka yi ta shigowa barka, kina ta noƙe kai kamar ba ɗanki ake magana ba. Amma na ji ki kina waƙa a bakin turmi, ke da ba kya waƙa.

Sai lissafi ya biyo baya. Kuɗin karatu daban, na ɗaki daban, na abinci daban, ga littattafai, ga kuɗin jirgin ƙasa, har doguwar rigar nan da ɗalibai ke sawa sai an saya. Lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, zare ma sai na zura masa a allura, keken ɗinkinsa ya fi kwana a lulluɓe. Man gyaɗarki da ƙuli-ƙulinki ne ke riƙe da gidan. Ko gidan aka sayar da mu a ciki, ba zai kai ni ƙarshen karatun ba.

Abin da ya rage shi ne sukolashif na gwamnati, shi kuwa hawa uku ne. Wanda iyayensa ba su da komai a ɗauke masa duka, ya dawo ya yi wa gwamnati aiki. Mai ɗan hali a ɗauke masa rabi. Wanda aka ga gidansu da wadata, a ce ubansa ya biya. Gurbin kuma ba ya jiran kowa, in shekarar ta wuce maka sai a ba wani. Kafin a yanke, sai Baturen makaranta ya zo ya ga gida da idonsa.

Masinja ya kawo takardar ran wata Alhamis da hantsi. Kika bar tuya kika goge hannu a zane, kika zauna bakin ƙofar ɗaki, ni kuma na tsuguna ina karantawa ina juya miki da Hausa kamar yadda muka saba. Na ce Bature zai zo ran Talata ya ga gidanmu, ya gana da Baba. A ƙasan wannan akwai wani layi, Inna. An rubuta cewa zuwan don a auna halin gida ne, taimakon na marasa ƙarfi ne, saboda haka kada a yi wani shiri, a bar gida yadda yake. Na karanta shi a zuci, na fahimce shi sarai, na ninke takardar na sa aljihu. Kika ce ko shi ke nan, na ce shi ke nan.

Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba. Baturen nan ya taɓa yaba Turancina a gaban aji. Na dubi zaurenmu da bangonsa ya tsage, da tabarmar da gefenta ya zazzage, da rigar Baba mai faci a kafaɗa, na ji ba zan iya tsayawa ya gan ni a cikinsu ba. Na ce a raina ai na riga na ci jarrabawa, wa zai hana ni? Wauta ta ɗan boko, wanda ya san Turanci bai san duniya ba.

Ke kuwa da ma abin da kika sani ke nan, baƙonka Annabinka. Kwana huɗu ba ki zauna ba. Kika sa aka yaɓe zaure aka shafe shi da farar ƙasa. Kika aika gidan Alhaji mai goro aka aro darduma da agogon bango. Kika sa Baba ya aro babbar riga mai aska takwas wurin amininsa, shi da bai taɓa aron ko hula ba, amma ya bi ki don kin ce mutuncin yaron nan ne. Ragon da kike kiwo tun yana ɗan ƙarami saboda Layya, kika ce a yanka. Har talotalo kika sayo na gaisuwa, wai Bature ba ya tafiya hannu rabbana.

Kujeru biyu kuwa na Maman Rahila ne, maƙwabciyarmu matar malamin asibiti. Ni na je ɗauko su. Ta tsare ni a tsakar gidanta ta ce wani ɗan'uwansu a coci ya taɓa neman irin wannan taimako, su ba su ji an yi shiri ba.

“Haruna, ka tabbata haka takardar ta ce?”

Na ce na tabbata. Na ɗora kujerun a ka na fito.

Ran Talata Baturen ya zo da tafintansa. Ke kina ciki, ba ki ga komai ba, ni na gani. Ya zauna a kujerar aro, ya dubi agogon aro, ya dubi zubin zaren rigar Baba, ya buɗe littafi ya fara rubutu. Aka shigo da akussa, nama har yana zuba. Ya tambayi Baba yaya sana'a, Baba ya ce alhamdu lillahi. Ya tambaya ko akwai wata matsa a gidan. To wane magidanci ne zai zauna a zaurensa, ga maƙwabta cike da ƙofa, ya ce ba ya iya ci da iyalinsa? Baba ya ce sai godiya. Talotalon ma bai karɓa ba, amma na ga ya dube shi ya ƙara rubutu. Ina tsaye jikin bango, ina jin harsunan biyu, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta gyara komai, ban faɗe ta ba.

Bayan ya tafi kika leƙo kina tambayar ko ya ci, ko gishiri ya ji. Na ce ya ci. Kika ce to madalla, mun fita kunya.

Amsa ta zo bayan wata guda. An sa ni a hawa na uku, wai gidanmu na iya biya. Ba zan ce Baturen ya zalunce ni ba, abin da aka nuna masa ya rubuta. Tafintan ne ya haɗu da Baba a masallacin Juma'a ya gaya masa dalili, Baba ya dawo ya gaya miki. Ni kuma maimakon in faɗi ƙasa in ce ni ne, sai na tsaya a kanki kina bakin murhu na ce:

“Inna, kin yanka mini jami'a tare da ragon nan.”

Wallahi haka na ce miki. Ba ki ɗago ba. Kika ci gaba da juya ƙuli a mai har ya ƙone, kika kwashe kika sake zuba wani.

Bayan kwana biyu kika yi abin da ba wanda ya zata. Ke da ba kya fita sai biki ko rasuwa, kika nemi izinin Baba, kika yi lulluɓi, Maman Rahila ta raka ki da ƙafa har ofishin makarantu. Ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce kin tafi da ainihin rigar Baba a cikin ƙwarya, kika warware ta a gaban akawuna sa'o'in ɗanki, kika nuna musu facin. Kika lissafa abin da aka aro da gidan da aka aro shi. Kika gaya musu akwai ranakun da ba a ɗora tukunya sai yamma. Asirin da kika rufe shekara ashirin da wani abu, kika tone shi da bakinki a tsaye. Da akawun ya tambayi sunan yaron, ta ce duk da ni ɗan fari ne, ba ki taɓa kama sunana ba, kika faɗe shi a hankali. Aka ce miki takardu sun riga sun tafi Kaduna, an rufe na bana.

Kafin shekara ta zagayo idon Baba ya rufe gaba ɗaya, gurbin kuma an ba wani. Na kama aikin akawu a rumfar awon auduga, a irin wannan aiki na tsufa. Ban mutu ba, Inna, na ci na sha, na yi aure na aurar. Jami'ar ta yi mini ciwo shekaru kaɗan sannan ta sake ni. Ke ce ba ta saki ba.

Kin canza daga ranar. Matar da in an yi sallama take tashi da gudu, ta koma in baƙo ya zo sai ta aiko a tambaye ni a ɓoye, a shimfiɗa ko kada a shimfiɗa. In abokan karatuna suka dawo hutu da kwat da jakunkuna suka shigo gaishe ki, sai ki amsa daga cikin ɗaki. Wasiƙa kuwa ko ta ƙanenki ce daga Kano, in na gama karantawa sai ki ce in sake, kada ki kuma yin wani jahilcin. Kullum sai in sake.

Na samu damar gaya miki ba sau ɗaya ba. Ranar sunan Sani na zo da niyyar faɗa, na tarar kina murna na ce ba yau ba. Bayan rasuwar Baba na ce ki huce tukuna. Kullum da dalilina, gaskiyar kuwa ita ce na ji daɗin zama wanda aka cuta. Mutane na cewa Allah sarki Haruna, da yanzu likita ne, ni kuma ina girgiza kai ina cewa ƙaddara.

Ciwon ajalinki da damina ya zo. Ran wata Asabar da safe bayan an ɗauke ruwa, kika sa kowa ya fita kika ce in matso. Kika kama hannuna, abin da ba ki yi ba tun ina ƙarami.

“Ka yafe mini abin da na yi maka. Ban sani ba ne, da na sani da ko ruwa ban ba Baturen nan ba.”

Allah Ya ba ni wannan dama ta ƙarshe, daga ni sai ke, ba mai jin mu. Na buɗe baki, Inna, na ce:

“Na yafe miki.”

Kika ce alhamdu lillahi, kika saki hannuna, fuskarki ta washe. Ran Litinin kika cika.

Ba ki yi mini komai ba, Innata. Baƙo ya zo gidanki kin karrama shi yadda uwarki ta koya miki, iyakarta ke nan. Ni na ɓoye miki magana, ni na jefe ki da baƙar magana, ni kuma na zauna a gefen gadonki na karɓi ban-haƙurin da ni ya kamata in bayar. Yafewar nan ba tawa ba ce, ban da ikon ba da ita, kuma ba inda zan je yanzu in ji taki.

Ya Allah, Ka gafarta wa Hajara, Ka haskaka kabarinta, Ka karɓi baƙuncinta fiye da yadda ta karɓi bayinKa. Ka sanar da ita abin da na kasa sanar da ita. In Ka tara mu gobe, Ka ba ni bakin faɗa mata da kaina, Ka ba ta zuciyar yafe mini. Amin.

Ni ne ɗanki mai laifi,
Haruna