Gajimarin Rijiyar Fakku

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baffa Garba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga wan mahaifinsa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Damina uku ke nan da muka kai ka makwancinka a Kebbe, ban taɓa rubuto maka ba sai yau. Dalili shi ne, makon jiya na furta kalmar da na rantse a gabanka ba za ta ƙara fita daga bakina ba. Ran ɗanka Ummaru ne ya tilasta ni.

Ka san halina. Aji huɗu na bar makaranta, sauran karatun a bakin tashar Tambuwal na tsince shi, cikin tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a ƙasa. Duk abin da na karanta da safe, kafin azahar na sami wanda zan mara da shi. Kai ka fi kowa shan marin, don kai nake bi aikin haƙa da yasar rijiya.

Kafin ka shiga tsohuwar rijiya, sai ka kunna fitilar ƙwai, ka ɗaura mata igiya, ka zura a hankali. In ta kai ƙasa tana ci, ka yi bisimilla ka sauka. In ta mutu a hanya, ka naɗe igiyarka ka ce gajimari na gida. A rediyo gajimare giragizai ne. A bakinka kuwa wani ƙaton maciji ne mai zama a gindin rijiya, yana shaƙe numfashin duk wanda ya faɗo masa ba sallama, in an yi ruwa ya fito ya miƙe a sama ya zama bakan gizo. Sai ka sa a saro ganyen dogon yaro, mu yini muna zurawa muna jawowa, wai muna roƙon mai gida ya ba mu wuri.

Ranar da na karanta cewa wata iska ce mai nauyi take taruwa a rami, tana kashe wuta tana kashe mutum, ban ko ci abinci ba don ɗoki. A wani gida a Dogon Daji na tare ka, a gaban mai gida da maƙwabtansa, na ce shekara arba'in kana cin abinci da tatsuniya. Na ce ƙarya ce tsofaffi suka gada suna tsorata jahilai. Na faɗi abin da ya fi wannan muni, ba zan maimaita shi a gaban masu karanta wannan takarda ba.

Ba ka ɗaga murya ba. Abin da ya dame ka ma ba zagin ba ne, kalmar da na yi amfani da ita ce ka ga ba a wurinta take ba. Ka ce, “Tatsuniya ƙohwa biyu gare ta, Lawali. Ana shiga da ga ta nan, a hita da ƙurunƙus. Abin da yah hwaɗi maka shi ƙarya na tun bakin ƙohwa, ba ya zan ƙarya.” Ka ce gajimari ba ya da ƙurunƙus, don haka in nema masa wani suna.

Haka kake da waɗannan kalmomi, kamar mai awo da mudunsa. Dodo, a wurinka, na uwaye ne, suna ajiye shi a bakin gulbi da bakin murhu, kuma yana mutuwa ranar da yaro ya yi wayo. Na taɓa jin ka tsawata wa wani magidanci da ya ce dodo ya cinye masa akuya, ka ce ya tafi ya nemi kura ko maƙwabci. Fatalwa kuwa dariya take ba ka, ka ce tsoro ne ya sa farar riga. Amma in aka ambaci aljani sai fuskarka ta canza. Ka ce wannan Allah ya ambace shi a Littafinsa, ba a jefa shi cikin hirar banza, ba a kuma ɗora masa laifin kowane ciwon kai. Ni da nake taƙama da karatu, duk a buhu ɗaya na zuba su na rubuta camfi a bayansa.

To ga abin da ya faru. An kira mu Fakku, ni da Ummaru, yasar rijiyar wani gida da ta shekara biyu rufe da kwano. Zafin bazara, shanun mai gidan na kuka, shi kuma yana tsaye a kanmu. Na zura fitila kamar yadda ka saba. Wajen gaba takwas ta mutu. Na jawo, na sake kunnawa, ta sake mutuwa a daidai wurin.

Ummaru ya ce lagwanin ne ya lalace, ya fara ɗaura igiya a ƙugu. Na buɗe baki na zazzage masa littafi kaf, har da sunan iskar na Turanci. Ya yi dariya ya kira ni Malam Bature, ya ce iska ai ita ake shaƙa, yaushe ta fara kisa. Mai gidan ya goya masa baya. Na riƙe igiyar, ya fizge. Na zage shi, ya rama. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga bakin rijiyar, Baffa, ina kallon tafin ƙafar yana laluben matakin farko.

Sai na ji bakina ya ce, “Ummaru, gajimari na gida.”

Ya tsaya. Ya dube ni ya daɗe, don ya san wanda ya faɗa, ya kuma san abin da faɗar ta ci mini. Ya fito da ƙafarsa ya kwance igiyar. Mai gidan da kansa ya ɗauki gatari ya nufi dogon yaro. Muka yi ta zura ganye har la'asar. Washegari fitila ta kai ƙasa tana ci, ni na fara sauka. Laka na tarar da tsohon guga da ƙasusuwan ƙadangaru.

Har yanzu ina nan kan bakana, iskar nan ce mai nauyi, ganyen ne ya kaɗa ta ta fita. Amma sunan da na sani bai hana kowa mutuwa ba, naka kuwa shekara arba'in yana fitar da mutane daga rami da ransu. Ban san adadin waɗanda suka mutu kafin wani kakanmu ya ba abin nan suna da jiki da gida ba, yadda ko mai taurin kai irin ɗanka zai ji tsoronsa. Kuma ina jin haushinka, Baffa, don ka tafi ba ka gaya mini ko kai kanka ka yarda akwai macijin ba. Na tambayi Inna Hajo matarka, ta ce ita ma ta tambaya, murmushi kawai ka yi.

Ummaru yana yawo a kasuwa yana cewa Malam Bature ya tuba. Na bar shi. Mai rai ne ke tsokana.

Ka yafe mini abin da na faɗa a Dogon Daji. Ka ƙare rayuwarka a rami mai ƙunci da duhu don mutane da dabbobinsu su sha. Allah ya yalwata maka wanda kake ciki yanzu, ya haskaka shi, ya sanyaya shi, ya shayar da kai daga Alkausara. Amin.

Naka, ɗan ƙanenka mai kaifin baki,
Lawali