Jarirai Masu Fukafukai

Yaya Mukaila,

Gaisuwa daga unguwar Hor Al Anz, nan ƙasar Larabawa. Ya iyali, ya ƙafar taka? Ni lafiya lau, sai ɓacin rai.

Wani mai otal ya kawo mini hotunan tsohon cocin Italiya, ginin shekara ɗari uku, wai in yi masa adon silin irinsa. Furanni da ruwan zinare na gama, wallahi har na fi waɗanda suka yi na cocin. Saura jarirai masu fukafukai, tsirara kuma! Na ce ba na ƙera mutum-mutumi. Ya ce khalas, wato shi ke nan, ƙarshen wata zai ba wasu aikin, ga ma'aikata tara a wuyana.

Shekara ashirin ban nemi shawarar kowa ba. Amma ka tambayar mini Malam Kamilu: in na yi jariran amma na bar su ba fuska, ya halatta? Ka bugo waya. Kada Inna ta ji.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Ɗanladi