Na Rantse Ba Zan Shiga Zauren Ba, Ga Jikata Za Ta Yi Wasan Bankwana

Zuwa ga Maxine,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya tsaya mini a wuya, kuma duk wanda zan tambaya a garin nan ya riga ya zaɓi ɓangare. Ni ba mutumin rubutu ba ne. Tun ina ɗan yaro na bar makaranta na bi mahaifina gona, daga baya na kama walda, ita na yi ta yi har ido ya fara gazawa. In kin ga magana ta karkace ki miƙe ta, amma kada ki rage mini ko kalma ɗaya. Wancan karon da na rubuto wa jaridarku kan kwalbatin hanyarmu sai da aka yanke rabin maganata, kuma ban manta ba.

Kin dai san garinmu Lindahl. In aka ɗauke kwaleji, abin da ya rage mana rumbun masara ne da coci biyu da gidan mai. Ban taɓa zama a ajin kwalejin ba, amma tun ina saurayi ban yi fashin wasan ƙwallon kwando na gida ba, na maza da na mata, sai ranar da muka binne matata Verna.

Da can kwalejoji goma ne a haɗakarmu ta gasa. Kowa ya je gidan kowa, kowa ya zo gidanka, a ƙarshen gasa wanda ya fi ya fi. Ba mai cewa an zalunce shi. A cikin goman nan kuwa babu kamar Corwith, da ke tsallaken kogi, tafiyar rabin awa. Ranar da za su zo ko wurin tsayuwa ba ka samu. Akwai wani mutuminsu, Delbert Hruska, mai sayar da abincin shanu, wanda muka shekara kusan hamsin muna zagin juna daga benci zuwa benci. Shi ya ɗaga murya ya tambaye ni ko 'yan wasanmu yawon buɗe ido suka zo, ni in tambaye shi nawa ne sadakin alƙalin wasa, tunda na ga ya zama surukinsu. In an tashi, wanda aka ci shi zai sayi kofi da kek ɗin tuffa. Shekarun bayan nan ni nake ta saye, ban ɓoye ba. Sun fi mu kuɗi, sun fi mu dogayen yara. To, sai me? Ana cin mu muna tsaye da ƙafarmu.

Sai wata haɗaka ta can yamma ta watse, aka kwaso mana marayunta huɗu, muka zama sha huɗu. Aka ce ranakun sanyi ba za su isa kowa ya kara da kowa sau biyu ba. Shugabannin wasanni suka je otal a birni, suka ci suka sha, suka dawo mana da sabon jadawali. Sun raba mu gida biyu bisa sakamakon shekarun baya. Wai Rukunin Kogi da Rukunin Tudu, don kada a ji kunya, amma ko jariri ya san na sama ne da na ƙasa. Corwith suna na sama, mu muna na ƙasa. Za ka kara da 'yan rukuninka sau biyu, na ɗaya rukunin kuwa sai shekarar da juyi ya zo kanku. Bana juyin bai zo kan Corwith ba, baɗi ma an ce ba zai zo ba.

Wai daidaito ake nema. Ki duba daidaiton. Raunanan da aka haɗa mu da su a warwatse suke, wasu sai yaranmu sun yini a bas ranar Laraba kafin su isa, su dawo jiki a mace, gobe kuma aji. In su suka zo mana, ba mai biyo su daga wannan nisa, zauren wasa ya zama kamar coci ranar Talata. Sannan wane yaro mai hannu ne zai zaɓi kwalejin da aka rubuta a takarda cewa ta ƙasa ce? Na sama za su ƙara tsawo, mu mu ƙara nitsewa, shi ke nan an binne mu da ladabi.

A ƙarshen bazara aka yi karin kumallon magoya baya a ƙasan cocinmu. Shugaban wasannin kwalejin, wani Tollefson da bai fi shekara uku a garin ba, ya tashi yana yabon jadawalin. Na miƙe a gaban kowa na ce ba zan sake taka zauren nan ba sai ranar da bas ɗin Corwith ta tsaya a ƙofarsa. Kin san abin da ya yi? Murmushi. Ya ce za su ajiye mini kujerata. Kamar yana lallashin yaron da ya ƙi cin abinci.

Ban taka ba kuwa. Sai dai ga inda ƙaya take. Ina da jika, Brenna, tana ƙungiyar mata, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe. Uwarta 'yata ce, ta rasu ta bar ta ƙarama, uban ya tafi aikin rijiyoyin mai bai waiwayo ba. Ni da Verna muka raine ta. Ni na kafa mata kwando a jikin rumbu tun ƙwallon tana fin kanta girma. Bana suna ta ci, an ce nasararsu ta fi rashinsu yawa, abin da ba a gani ba tun kafin ta shiga. Ban kalli ko ɗaya ba. A rediyon a-kori-kurata nake ji.

Wata Lahadi tana gida muna cin abincin rana, tana ta ba ni labarin yadda suka ci wata kwaleji da maki ashirin. Na ce mata gaskiya, wanda ya zo na ɗaya a tseren guragu kada ya ɗauka ya iya gudu. Sai ta ajiye cokali. Ta ce ashe ban sani ba, tana cikin 'yan wasan da aka tura wancan taro na otal su faɗi ra'ayinsu, kuma ita da bakinta ta roƙi a raba. Ta ce, "Kaka, kai kana benci kana jin daɗin faɗa da Delbert, ni ce a fili ana cin mu da maki hamsin. Shekara uku ina shiga wasa na san ƙarshensa tun kafin a busa usur." Ta wanke farantinta ta koma makaranta. Tun ranar ba ta sake zuwa cin abincin Lahadi ba.

To Asabar ta sama ita ce wasansu na ƙarshe a gida. Kin san al'ada, kafin a fara za a kira masu gamawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tako zuwa tsakiyar fili da iyayenta a gefe, a ba ta furanni. Ta bugo waya ta ce ni take so in riƙe hannunta. Na ce mu yi hoton a wajen ajiye motoci, in sa kwat ɗina, ai duk ɗaya ne. Ta ce ba ɗaya ba ne. Kocinsu ta ce za ta raka ta, ta ƙi. Ta ce in ban zo ba ita kaɗai za ta taka, kowa ya gani.

Ba na barci sosai. In na shiga, Tollefson ya yi galaba a kaina, kuma tsofaffin da muke shan kofi da su a gidan mai za su yi ta yi mini dariya har in mutu. Ina da shekara saba'in da tara, ba gona, ba shago, ba mata. Maganata ce kaɗai ta rage mini. Shi ma Delbert ɓarin jikinsa ya shanye bara, yana gidan kula da tsofaffi. Da akwai wasa da 'yarsa ta turo shi a keke mun gaisa. Ban je duba shi ba, don ban san me zan ce masa ba, mu ba mu iya hira ba sai ta ƙwallo. Komai dai sai zamewa yake daga hannuna, kuma wai ni ne mai taurin kai.

Ki faɗa mini, wa ke da gaskiya? Ko ki rubuta abin da zai sa yarinyar nan ta gane, tana karanta filinki. Kada ki sa sunana, ko da yake duk garin zai gane ni.

Tsohon Mai Walda, Lindahl

*

Baba Mai Walda,

Ga wasiƙarka, ban taɓa ko wasali ba.

Zan fara da inda kake da gaskiya, domin wurin yana da faɗi. Jadawalin da zai sa ɗalibai su yini a mota a tsakiyar mako alhali ga abokan hamayya a tsallaken kogi, jadawali ne mai aibi. Tsoronka na cewa na sama za su riƙa kwashe yara masu hannu shi ma ba tatsuniya ba ce. Kuma wasan Corwith ba maki kawai ba ne a wurinku, rana ce da garin yake tuna cewa yana raye. Masu zana jadawali sukan manta da wannan.

Amma Brenna ma ba ƙarya ta yi maka ba. Shan kaye yana da daɗin ba da labari ne ga wanda ke zaune. Ita ce ta yi shekara uku tana tashi atisaye da sanyin safiya don a je a wulaƙanta ta a gaban jama'a. Abin da ta roƙa shi ne wasan da ba a san mai ci ba sai an buga, kuma kowane ɗan wasa shi yake so. Yaran da take karawa da su yanzu ba guragu ba ne, 'ya'yan mutane ne masu zufa irin tata. Maganar nan ta yi nauyi, Baba, kuma ina zaton ita ce ta hana ta zuwa ranar Lahadi, ba jadawali ba.

Ka tambayi kanka, rantsuwar nan wa take hukuntawa? Tollefson yana barcinsa lafiya. Shugabannin haɗaka ba su ma san ka yi ta ba. Ka ɗaga sanda don ka bugi waɗanda suka ɓata maka, wata da watanni tana sauka a kan mutum ɗaya, yarinyar da ta tashi a hannunka. Lokacin da ka miƙe a cocin nan ba ita ka nufa ba. Maganar da ta kauce daga inda aka nufa da ita, janye ta ba rashin mutunci ba ne.

Kada ka jira Asabar. Ka shiga motarka a makon nan ka same ta a makaranta, ka ce mata maganar guragu ba ta dace ba. Ba sai ka ce jadawalin ya yi maka ba, ba ta nemi haka ba. Tsofaffin gidan mai kuwa, ka riga su. Ka shiga da safe ka ce musu ranar Asabar za ka raka jikarka, duk mai dariya ya yi yanzu ya gama. Za su yi ta kwana biyu su gaji. In ka bar ta ta taka ita kaɗai, wannan ne ba za su daina faɗa ba, kuma ba da dariya za su faɗe shi ba.

Faɗanka da jadawali bai ƙare ba, wurin yinsa za ka sauya. Haɗakoki da dama sukan ware wa kowace kwaleji abokiyar hamayya ɗaya da ba a taɓa wasansu duk yadda aka raba rukuni. Ko ba haka ba, kwalejoji biyu suna iya shirya wasa tsakaninsu a farkon sanyi, a wajen lissafin gasa. Ka tara mutanenku, ka nemi na Corwith, domin su ma ƙila suna kewar ranar, ku kai buƙata kafin taron shugabanni na gaba. Mutumin da ke cikin zaure an fi jin muryarsa a kan wanda ke zaune a mota. Ba zan yaudare ka ba, mai yiwuwa ku nema ku rasa, kuma haɗakar goman da ka sani da wuya ta dawo. Ƙananan kwalejoji rufewa suke yi, waɗanda suka rage dole su jingina da juna.

Delbert kuma ba ya buƙatar izinin haɗaka. Ka je ka zauna kusa da shi ka zagi ƙungiyarsu kamar yadda ka saba. Ina jin ba abin da ya fi kewa kamar wannan.

Jadawali ana sake shi kowace shekara, wanda aka ɓata bana ana iya gyara shi baɗi. Ranar Brenna ɗaya ce. Za a kira sunanta ko kana nan ko ba ka nan, kuma kafin ta ɗaga ƙafa sai ta waiga ta dubi ƙofa. Ka sa ta same ka a tsaye a gefenta.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ta sa'a ranar Asabar, ya ba Delbert sauƙi.

Taka,
Maxine