Wannan Karon Ba Wanda Zai Ji

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Goggo Kaltumi, ƙanwar baban maigidana Nasrullahi, ta zo tun da safe. Me na ci, me ya sa na rame, me ya sa zani ya hau sama. Ciki biyu na yi suka zube, duk biyun sai da unguwarmu Roumdé Adjia kaf ta sani. Zaman jajen ya fi ciwon zafi. Wannan karon ba wanda zai ji, ko za a yanka ni.

Alhamis, 9 ga Mayu
Blandine da muke ɗinki tare, 'yar Bamenda, ta koya min wata maganar wasa ta Turanci da suke korar mai shisshigi da ita. Ban iya rubuta ta ba, amma na haddace. Ina ta maimaitawa a kan keken ɗinki, tana ta dariya.

Asabar, 18 ga Mayu
Ina sallame la'asar Goggo ta ce, "Hidaya, wata uku ke nan ban ga kin yi fashin salla ba." Ashe sallata take ƙirgawa. Na sakar mata maganar Blandine. Ba ta jin Turanci, amma ta ga fuskata. A bakin Blandine wasa ce, a nawa ba ta fito haka ba. Ta saka takalminta ta fita. Ban yi nadama ba.

Asabar, 25 ga Mayu
Ba ta zo ba. Na huta.

Lahadi, 2 ga Yuni
Suna a gidan maƙwabciyarmu Fiddausi. Mata suka sa ni tsakiya, kowa idonta a kan cikina. Sai Goggo daga gefe: "Ku ƙyale min yarinya, shekaranjiya ma ba ta salla." Matar da ba ta rabuwa da carbi ta yi ƙarya saboda ni. Ko kallona ba ta yi ba.

Talata, 4 ga Yuni
Da safe na ga ɗigon jini. Nasrullahi yana kasuwar shanu. Gidan Goggo na buga, don shi ya fi kusa, ba don komai ba. A asibiti an ce zuciyar ɗan tana bugawa, in kwanta in huta. Har muka dawo ba ta tambaye ni komai ba, ta dai riƙe min jaka. A ƙofar gida na ce, "Goggo, wata huɗu ne." Ta ce, "Ban ji ba. Shiga ki kwanta."