Wutar Bayan Gida da Iyakar Gonar Baba

Ƙanƙara, Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Yahya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa da ya daɗe bai sa ka a ido ba, tare da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan zamanka na Sabon Ibadan. Allah Ya sa albarka a kasuwarka, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na gari. Mu ma nan sai godiya. Ciwon gwiwar nan da ka sani yana nan, amma bai hana ni zuwa masallaci ba. 'Yarka Hamida ta sauka lafiya a Malumfashi, an samu namiji, an mayar da sunan Baba. Da yake gidan aron da muke ciki ba zai ɗauki mai jego ba, uwarta, mai ɗakina Nana Khadija, ce ta tafi can, kuma haihuwar ta zo da wahala, don haka arba'in ta wuce ba ta dawo ba. Yau wata biyu da rabi ke nan. Yarana Mas'udu da Adnan suna Abuja wajen aikin gini, sukan bugo waya in sun samu sarari. Ni kaɗai ne a gidan.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna magana a waya. Dalili shi ne na san halinka. Akwai sunan da in na ambata za ka ce kasuwa ta cika, ka kashe. Takarda kuwa ko ka ajiye ta cikin fushi, za ka dawo ka ɗauka. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga garinmu na yammacin 'Yankara, shekara uku ke nan, ban taɓa jin baƙunta irin ta watannin nan ba. Mutanen unguwar nan na kirki ne, maƙwabciyarmu takan aiko mani da tuwo da yamma, amma na ji nauyin a ce kullum sai an ɗauke mani kwano. Madafar Nana kuma na kasa zama cikinta, ko'ina na duba kayanta ne a jere. Sai na koma bayan gida, gindin wata 'yar darbejiya, na kafa duwatsu uku kamar yadda muke yi a gona. Akwai ɗan fili a wurin da na shuka masara da gyaɗa da gero kaɗan, bai fi tabarma goma ba. Daga nan nake ci. In na dawo daga sallar la'asar sai in hura wuta da kara da 'yan itatuwa, in jira harshenta ya kwanta, in jingina masara biyu a bakin garwashi ina juyawa. Wata rana in tono gyaɗa ɗanya in binne ta cikin toka mai zafi. Da gero ya fara nuna na karyo tumu na babbaka, na murje shi a tafin hannu, na hure. Wallahi Yahya, da ƙamshin ya bugi hancina sai na ji kamar zan waiwaya in gan ka kana ƙona yatsa don gaggawa, Baba yana yi maka faɗa. Na waiwaya, katanga ce kawai da akuyar mutane.

Abincin wuta irin wannan ba a yi shi don mutum ɗaya ba. Kana gasawa kana neman wanda za ka karya wa rabi. Shi ya sa wata Juma'a, bayan an sauko, na bi 'yan garinmu da suke zaune nan Ƙanƙara, na ce su zo bayan la'asar mu gasa sabuwar masara. Mutum shida na gaya wa, kowa ya ce in Allah Ya so. Na share wurin, na shimfiɗa tabarma biyu, na karyo masara goma sha biyu, na sayo kabewa na raba ta biyu na kife kan garwashi, na daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri. Ina zaune har inuwar katanga ta haye tabarmar farko, babu wanda ya yi sallama. Ban ga laifinsu ba. Wani yana dako a kasuwa, wani yana ƙwadago a gonar mutane, wani ba ya son abin da zai tuna mashi da gida.

Har na fara naɗe tabarma sai na ji sallama. Malam Abdulganiyu ne, maƙwabcin gonarmu. Ban gayyace shi ba, ashe yana bayana a masallaci lokacin da nake gaya wa wasu. Ka tuna rabona da yi mashi magana tun shekarar da Baba ya rasu, da muka ce ya ci mana kunya uku a gona, aka je gaban dagaci, ya dage cewa jerin gamban iyaka yana inda kakanni suka bar shi, aka ba shi gaskiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Da na gan shi tsaye da sanda sai da na ɗan yi shakka, don ya rame ƙwarai, rigar kamar an rataye ta a ƙusa. Ya ce ya ji ana gashin masara, in da wuri zai zauna, in babu zai koma. Na buɗe tabarmar na nuna mashi.

Ranar ba mu yi wata hira ba. Na miƙa mashi masara ya karɓa da hannu biyu, amma haƙoransa sun zube, sai ɓanɓaro ƙwayar yake da babban yatsa yana tsotsa. Da na lura, na jawo kabewar, ta yi laushi har tana tsiyayar da ruwa, na kankare toka, na barbaɗa mata ƙuli na tura gabanshi. Ya cinye rabin nan tas. Da zai tafi ya ce rabon da ya ci abin da ya ji ɗanɗanonsa tun rasuwar matarsa bara. Ni ban ma san ta rasu ba, Yahya, alhali tsakaninmu bai fi tafiyar minti goma ba.

Juma'ar da ta biyo ya dawo, da ƙwan zabi huɗu a aljihu. Muka naɗe su da jiƙaƙƙen ganye muka tura cikin toka, ɗaya ya fashe ya watsa mana toka a gemu, muka yi dariya ba shiri. Daga nan bakinmu ya buɗe. Ya riƙa zuwa kowace Juma'a, daga baya har da Talata. Na koyi dafa mashi abu mai taushi: gurjiya a tsohuwar tukunya har ta farfashe, rogo gasasshe in ɓare in murmushe da man gyaɗa. Hirar duk ta gida ce, wa ya rasu, wa ya koma Sheme, wa ya nufi Sabuwa wajen dangi, wa ba a san inda yake ba. Gona kaɗai ce ba mu taɓa ambata ba. Ba zan ɓoye maka ba, na kai ga tun safiyar Juma'a nake tanadin itace, in ya yi jinkiri in riƙa leƙa ƙofa.

Mako biyu da suka wuce sabon dankali ya shigo kasuwa. Ya ce yana marmarin irin gashin da muke yi muna yara. Muka tattaro busassun hoge, dunƙulallen ƙasar noma, muka jera su kamar ɗan ɗaki, na hura wuta ciki har ƙasar ta yi ja, na kwashe itacen, muka zuba dankali, na rushe ginin a kansa na rufe da ƙasa. Ka san gashin nan sai an jira. Muna cikin jiran ne ya kira sunana. Ya ce shi ya tumɓuke gamban. Ya ce kwana biyu bayan an binne Baba, muna zaman makoki, ya je gona da sassafe ya matsar da jerin kunya uku cikin tamu, ya taka ƙasar da ƙafa. Ya ce shekarar yana da baki goma sha huɗu a gida, amma wannan ba hujja ba ce, kuma bai zo da ita don ta zama hujja ba. Ya ce yanzu gonar tasa da tamu duk sun zama daji, ko shi ko ni babu mai iya taka wurin, amma kunya ukun nan kullum suna kan ƙirjinsa in ya kwanta. Likita ya gaya wa ɗansa abin da ke cikinsa ba na warkewa ba ne. Yana roƙon mu yafe mashi.

Na tuna yadda aka mai da mu maƙaryata a gaban jama'a, na tuna ranar da ka ɗauki jakarka ka ce ba za ka sake noma a garin da ake haka ba. Raina ya ɓaci fiye da yadda na zata. Na tashi na tone dankalin da sanda, don in samu abin yi da hannuna. Ya gasu sosai, ɓawon ya ƙone, cikin ya yi zaƙi. Na ɓare ɗaya na hura na ba shi, ya karɓa. A nan na ce mashi ni na yafe nawa, duniya da lahira. Amma na gaya mashi gaskiya, gonar gado ce, mu biyu ke da ita, ba ni da ikon yafe rabon Yahya. Ya ce ya sani, shi ya sa yake so in kai maka maganar, don ba shi da fuskar da zai kira ka.

Ranar Litinin ɗansa ya zo da mota ya tafi da shi Funtuwa, inda zai samu mai kula da shi. Sun tsaya ƙofar gidan nan, bai iya fitowa ba, ta taga muka yi musabaha. Bai ce mani komai ba sai sunanka. Tun ranar sau ɗaya na hura wutar, na dafa shayi na kashe.

To, wannan ita ce maganar. Ba zan tilasta maka ba, kai aka fi cuta, don kai ka bar gida a kanta. Haƙƙinka ne, in ka riƙe babu mai cewa ka yi laifi. Amma in zuciyarka ta ba ka, ka bugo mani waya ko da kalma ɗaya ce, ni kuma ranar zan hau mota in kai mashi da bakina. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka ce sai ka gama hucewa. Na yi magana da ɗan nasa jiya, ya ce ko kunu sai cokali biyu yake iya sha.

Ka gaishe mani da mai ɗakinka Suwaibatu, da Hussaina da 'yar'uwarta, da Muhammad Auwal, ka ce ina sa mashi albarka a kan karatunsa. Ka gaida Alhaji Rabo maigidanku, da direban da ya kawo maka wannan takarda, ka ba shi ruwa ya sha. Nana Khadija ta ce in isar maka da gaisuwarta duk lokacin da muka yi magana. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sa mu gana da alheri. Wayata tana aljihuna, ba na kashe ta.

Wassalam.

Naka, yayanka,
Lawwali.